Muryar Kyaftin

Litinin, da hantsi

Likita ya ce in yi shiru. Ni, Zulkiflu! Mutumin da ya ci da baki, ya sha da baki, ya yi aure da baki, shi aka kalla ido cikin ido aka ce wa kada ya ƙara furta ko "uhm" sai ƙarshen wata, ranar da za a yi aikin. Na buɗe baki zan tambaye shi raɗa fa, ya ɗaga min hannu. Wai raɗa ta fi ihu ɓarna. Ya ce in na kiyaye, wataƙila bayan an cire abin da ke maƙogwarona a bar min 'yar murya. In ban kiyaye ba? Sai ya ɗaga kafaɗa. Kafaɗar nan ta biyo ni tun daga Sakkwato har Yelwa, ina matse a kujerar baya tsakanin wata mata da buhun albasarta.

Ba zan rubuta sunan abin ba. Ya rubuta shi a takardarsa, ya wadatar.

Matata Hamdiyya ce ta sayo min wannan littafin, irin na 'yan firamare, wai in riƙa rubuta mata abin da nake so. Na rubuta "ruwa". Ta kawo. Na rubuta "ba wannan kofin ba". Ta ce, "Au, ashe bakin ne kawai ya tafi hutu, halin yana nan." Tana dariya tana dafe da ƙugu. Cikin ya sauko sosai, ungozoma ta ce watan nan ba zai fita ba. Mun daɗe da aure har mun daina faɗin shekarun a gaban mutane, sai yanzu Allah ya kawo.

Litinin, bayan La'asar

Zama ya gagara. Na zauna a kujera, na koma tabarma, na tashi na gyara ƙofar kaji da ba abin da ya same ta.

Tunda ba mai jin ta bakina, bari takarda ta ji. Aikina fassarar fim. A bayan shagon Sahabi, bakin kasuwa, akwai wani ɗan ɗaki da muka manne bangonsa da kwalin ƙwai. Nan nake zama gaban makirufo, Turawa suna motsa baki a allo, ni ina ba su Hausa. Sahabi ya haɗa, ya tura wa mutane a waya da memori. Na yi muryar 'yan sanda, na yi ta ɓarayi, na yi ta tsofaffin mata. Ba wanda ya san ni da su. Kyaftin aka sani.

Sunansa na yanka Roland Hesketh, ɗan wasan Ingila. Duk bakin ruwan nan, daga Shanga har Warra, ba mai iya faɗin sunan, kuma ba wanda ya damu. A fim ɗinsa na farko da ya faɗo hannuna, shi ne matuƙin wani ƙaton jirgin ruwa. Guguwa ta taso, kowa na ihu, shi yana kurɓar shayi. Na dube shi na ce wallahi wannan masuncin Warra ne, fata kawai ta bambanta. Sai na sauke haɓa, na turo murya daga ƙirji, na ba shi irin maganar tsofaffinmu: "Ku zamna, yara. Wanga ruwa ba ya cin mu yau." Kafin mako ya zagayo masunta sun cika shagon. Tun daga nan ni ma Kyaftin ake kira na, har Inna.

Sabon fim ɗinsa yana kwance a kwamfutar Sahabi. Na kai shi rabi muryar ta tsage. Rabin nan ne ke min yawo a kai.

Talata, da safe

Ban yi magana ba.

Laraba, da azahar

Mai shayin bakin titi ya gaishe ni, na ɗaga masa hannu. Na ji shi yana ce wa wani, "Kyaftin ya fara girman kai." Da a ce bakina na nan da ya gane shayi ruwa ne.

Inna ta aiko da zuma da citta daga Ngaski. Mun shirya da Hamdiyya: ga Inna, da ga surukina Baba Lawali can Warra, mura ce ta sauka a maƙogwaro. Shawararta ce. Ta ce tsofaffi ba sa iya ɗaukar labari biyu a wata guda, a bar su da na haihuwa.

Ban yi magana ba.

Alhamis, bayan Magariba

Tana ninke kayan jariri a kan gado, ba ta ko kalle ni ba ta ce, "Malam, zan roƙe ka abu ɗaya."

In ta ce Malam, ba Kyaftin ba, to maganar ba ta wasa ba ce. Na ajiye waya.

"Ranar da na sauka, kai za ka yi wa ɗan nan kiran salla a kunne. Ba Baba ba, ba liman ba. Na tambayi likitan lokacin da ka fita karɓo magani, ya ce in ka huta sosai, wannan ɗaya a hankali ba komai. Bayan aikin kuwa ba wanda ya san abin da zai rage. Ko 'yar kaɗan ce a ciki, ka ajiye masa. Duk garin nan sun ji muryarka, har akuya. Ina so shi ma ya ji."

Na rubuta "na yi alkawari". Ta karanta, ta ce in sa hannu a ƙasa kamar a kotu. Na sa. Muka yi dariya, ita da sauti, ni da kafaɗa. Daga baya na fita tsakar gida don kada ta ga idona.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Yini na yi ina kallon tsofaffin finafinansa, na kashe sauti don ba na son jin kaina.

Na san rayuwar bawan Allahn nan fiye da ta wasu 'yan uwana. Ɗan masunci ne shi ma, a wani gari mai sanyi na bakin teku. Wata rana uban ya fita kamun kifi bai dawo ba. Yaro ya rantse ba shi ba jirgi, ya gudu Landan, ya kama sharar gidan wasan kwaikwayo. Shekara da shekaru yana fitowa a sojan da ake harbewa tun bai gama sallama ba. Sai da furfura ta fara leƙowa aka ba shi matuƙin jirgin nan, wai shi da ya guji ruwa! Daga nan ya daɗe yana ɗan sandan ciki a talabijin. Sai kwalbar giya ta kama shi. Matarsa ta kwashe 'yarsu ta tafi, shi ma ya ɓace daga allo. Da ya dawo gemu ya yi fari, alƙali yake fitowa, ko kaka, ko tsohon da ake zuwa neman shawara wurinsa.

A wata hira ya ce har yau bai iya iyo ba. Na kai labarin Warra, saura kaɗan a dake ni. Baba Lawali ya ce, "Ƙarya ce sunka yi mai. Mutumin da ka tsayuwa haka bisa jirgi?"

Abin da na gani yau da ba sauti: ashe mutumin nan ba shi da surutu. Ni ke cika masa baki. A aikinmu ba a barin wuri fanko, in Bature ya yi shiru mai kallo zai ce memori ya lalace. Don haka in ya tsaya yana kallon teku, ni ina sa shi yana gaida Sarkin Ruwan Warra, yana zagin masu taru mai ƙananan ido, yana tambayar ko giwan ruwa ya fara fitowa. Yau na ga fuskarsa ita kaɗai. Ta ba ni tsoro kaɗan.

Asabar, da safe

Hamdiyya ta ce ina magana cikin barci. To wannan kuma wa za a kai wa ƙara?

Lahadi, da yamma

Sahabi ya zo. Ya zauna a bakin kujera, yana ta juya hularsa, na san da wata a ƙasa.

"Kyaftin, mutane sun dame ni da cigiyar rabin nan. Akwai wani Jabir a Kontagora, a Kano ya koyi aikin. Ba laifi fa. Ka dai ji."

Ya kunna. Innalillahi! Tsohon da ya ga teku ya ga duniya, shi ne yake "yawwa oga, ka gane ai" da siririyar murya, kamar kwandastan mota. Na fizge littafin na rubuta A'A, ta cika shafi guda, biro har ya huda takardar.

"To in ce musu me?"

Na rubuta "su jira".

"Su jira har yaushe?" Da ya faɗa sai idonsa ya sauka a wuyana, ya yi sauri ya ɗauke. Shi kaɗai ya san gaskiya ban da Hamdiyya. Na so in shaƙe shi, kuma na san bai yi laifin komai ba. Ya bar lemon da ya kawo a ƙasan kujera ya tafi.

Litinin, da hantsi

Na taka har bakin ruwa na dawo. Na sake takawa. Ruwa ya cika, ya cinye wurin da mata ke shanya kifi. Ban yi magana ba.

Talata, da azahar

Kyaftin ya rasu.

Sahabi ya turo min a waya. A gidansa, cikin barci, 'yarsa na kusa. Ashe sun shirya. Hoton da suka sa na lokacin ɗan sanda ne, ban so ba, hular ba ta yi masa kyau.

Bai san da ni ba. Bai san akwai wani gari Yelwa ba. To me ya sa abinci ya ƙi wucewa?

Laraba, bayan Isha'i

Ban san ta inda zan fara ba.

Da hantsi na ji sallama a ƙofar gida, ba ta mutum ɗaya ba. Na leƙa. Masunta ne, jirgi biyu daga Warra, da wasu daga Shanga da suka biyo motar kasuwa. Har sun shimfiɗa tabarmi a gindin dalbejiya, sun cire takalma, sun zauna. Baba Lawali a gaba da farar rigarsa ta Idi. Na ɗauka wani ne ya mutu a dangi.

Ta'aziyya suka zo. Ta Kyaftin.

Na durƙusa gaban Baba. Ya ce, "Ba addu'a munka zo yi mai ba, wannan tsakaninshi da Mahaliccinai. Kai munka zo gaisarwa. Ba shi da kowa ƙasar ga sai kai." Sannan ya riƙe hannuna da hannu biyu. "Zulkiflu, ya munka ji da haƙuri?"

Kowa ya zubo min ido. Daga bayan labulen zaure na ji Hamdiyya tana tarin da ba tari ba. Surukina ne. Ya shigo jirgi tun asuba, ga tsufa, ga ruwa ya cika. Mura muka ce masa. Wace mura ce ke hana mutum amsa gaisuwar uban matarsa a gaban jama'a?

Na ce, "Da godiya, Baba."

Wanda ya amsa wa ɗaya kuwa ai ya amsa wa duka. Suka riƙa matsowa ɗaya bayan ɗaya. Ya haƙuri, da godiya. Ya haƙuri, da godiya. Wani ya kawo bandan kifi a kwando. Liman ɗin unguwa ya zo wucewa ya tambayi wa ya rasu, da aka gaya masa ya girgiza kai ya wuce, can sai ga shi ya dawo ya zauna a gefen tabarma, wai shi ma yana kallon na alƙalin nan.

Da za su tashi Baba ya ja ni gefe. Ashe sun karɓi ragowar fim ɗin wurin Sahabi, sun kalle shi da Turancinsa. A ciki Kyaftin tsohon masassaƙin jirgi ne, 'yarsa ta yi shekaru ba ta taka gidansa ba.

"Can ƙarshe ɗiyar ta zo, ta iske shi zamne cikin jirgin da ya sassaƙa. Ya hwaɗa mata wani abu, ta hwashe da kuka. Mi ya ce mata? Malamin makaranta ya hwassara muna, amma shi ba Kyaftin ba ne, ba mu ji komi ba. In murar ta sake ka, ka taimake mu. Mutum ya tahi, ba mu ji maganatai ta ƙarshe ba."

Na gyaɗa kai. Gyaɗa kai dai ba magana ba ce.

Alhamis, da asuba

Na wanke kwanon da na tofa jini a ciki da kaina tun ba ta tashi ba. Na zubar da ruwan can bayan gida, na tura ƙasa a kai.

Alhamis, da yamma

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce na jiya ya wuce, ba laifina ba ne, laifin ƙaryar da muka yi ne. Ta dama min kunu mai ruwa-ruwa, ta tsaya a kaina har na shanye. Da ta yi faɗan da ya fi min sauƙi.

Juma'a

Na kalli ƙarshen fim ɗin. Na maimaita. Na maimaita.

Asabar, da hantsi

Kalmomin ba su da yawa fa. Na duba, duk rabin nan tsohon bai yi maganar kirki ba, sauran mutane ne ke surutu. Jabir zai iya yin sauran mutanen, su ba ruwana da su. Nasa kawai. A hankali. Ai ko likita ya ce a hankali ba komai.

Ba haka ya ce ba. Na san ba haka ya ce ba.

Na gyara ƙofar kajin nan har ta karye.

Lahadi, bayan Magariba

Na je kasuwa. Na daɗe.

Litinin, da azahar

To, ba kasuwa ba.

Sahabi ya tsaya a ƙofar ɗakin ya tare. "Matarka ta sani?" Na ture shi na shiga. Kujerata na nan, abin kunnena na rataye inda na bar shi. Na zauna na ji na dawo mutum.

Na rubuta masa sharaɗi: abin da tsohon ya faɗa kawai zan faɗa. Ba gaisuwar Sarkin Ruwa, ba zancen taru. Inda ya yi shiru a bar shi ya yi shirunsa. Sahabi ya ce, "Za su dawo min da memori, su ce ya lalace." Na rubuta "su dawo".

Ba sauƙi. Kalma ta fito, ta biyu ta karye, a koma. In kurɓi ruwan ɗumi, a koma. Mun fara da hantsi, aka kira Azahar muna ciki, aka kira La'asar muna ciki. Da muka iso wurin jirgin, 'yar ta tambaye shi me ya sa bai taɓa zuwa nemanta ba. Ya daɗe yana kallon hannuwansa. Da can a wannan shirun sai in zuba masa labari guda. Jiya na zauna tare da shi muna kallon hannuwan. Sannan na sauke haɓa.

"Kullum ina shirin zuwa, ɗiyata. Jirgin ne bai ƙare ba." Ya ɗago. "Shigo ki zamna. Ya ƙare yanzu."

Sau ɗaya na yi wannan, ya fito daidai. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba, in faɗi gaskiya. Na juya in ga Sahabi, ashe ya fita waje. Da ya dawo ya miƙo min tsumma, ya ce in goge bakina kafin in fita titi.

Talata, da safe

Na shiga banɗaki na rufe ƙofa, na gwada faɗin sunana. Iska.

Na sake. Iska.

Laraba, da safe

Iska. Zuma ta ƙare.

Alhamis, bayan La'asar

Muna tsakar gida, tana tsince shinkafa a faranti. Murjanatu matar maƙwabcinmu tana wanki a bayan katanga, ta kunna waya kamar kullum. Sai na ji kiɗan farkon wurin jirgin nan na fim ɗin. Na so in tashi in ja Hamdiyya ɗaki, da wane dalili?

"Kullum ina shirin zuwa, ɗiyata."

Hannunta ya tsaya cikin shinkafar. Ta san tsohuwar muryata, ta san wadda ta tsage. Ta saurara har ƙarshe, har Murjanatu ta fyace hanci.

"Yaushe?"

Na miƙa hannu zan ɗauki littafin, ta dafe shi.

"A'a. Da baki. Tunda akwai shi."

Na buɗe bakin. Ta ga yadda wuyana ke motsi, ta ji abin da ya fito. Ta daɗe tana kallona.

"Abu ɗaya na roƙe ka, Malam. Ɗaya tak. Ka ɗauka ka ba wa mamaci."

Ta ajiye farantin a ƙasa, kaji suka taru a kai, ba wanda ya kore su.

Juma'a, da hantsi

Ta bi jirgin safe zuwa Warra. Dama can za ta haihu, gidansu, kowa ya sani. Murjanatu ma cewa ta yi, "Ai gara ta tafi da wuri." Na ɗaukar mata jaka har bakin ruwa. Ta karɓa ta ce na gode, irin godiyar da ake yi wa ɗan dako.

Asabar

Gidan nan ya yi girma.

Lahadi, da azahar

Waya ta yi ƙara, Baba ne. Na ɗauka na kara a kunne.

"Zulkiflu? Kana ji na?" Na ƙwanƙwasa bayan wayar da farce. "Ta hwaɗa min komi. Ban sani ba, ɗana. Wallahi da na sani da ko ƙohwar gidanka ban taka ba. Ni na ja maka." Na ƙwanƙwasa da ƙarfi, ina nufin a'a, ban sani ba ko ya gane. Na riƙe wayar a kunne har katinsa ya ƙare.

Litinin, da yamma

Sahabi ya ce mutum biyu sun dawo da memori, wai sauti na ɗaukewa. Sauran kuwa, a Warra an haɗa babbar lasifika a bakin ruwa, manyan mutane na share ido da hula. Ban ji daɗi ba.

Ƙarya nake. Na ji daɗi, shi ne ma abin da ya fi ƙona min rai.

Alhamis za a yi aikin. Na haɗa jaka, na kwance, na sake haɗawa. Na rubuta mata saƙo a waya har sau nawa, ina gogewa. Me zan ce? Ni da kalma ba ta taɓa yi min wuya ba.

Talata, bayan Magariba, a Warra

Ina rubutu a zauren Baba.

Da hantsi saƙo ya shigo: ta sauka, mace, lafiya lau. Ko ƙofa ban kulle ba. Jirgin farko ya riga ya tashi, na shiga na kaya, tsakanin buhunan gero da wani babur. Inji ya mutu a tsakiyar ruwa, matuƙin yana ta tsaki yana jan igiya, ni kuwa ko ihu ba ni da shi. Sai bayan Azahar muka iso.

Na ɗauka an gama komai. Ai ba a jinkirta wannan, da an yanke cibi an wanke jariri ake yi. Na tarar da Baba a tsakar gida yana kai da kawowa. Ya ce, "Ta hana kowa. Ni ma ta hana ni. Ta ce a jira ka."

Ungozoma ta fito da ita a naɗe cikin zane, ta ɗora min a hannu a bakin ƙofar ɗakin. Ba nauyi ko kaɗan. Fuska jajir, ta dunƙule hannu kamar mai shirin dambe. Mata sun cika tsakar gidan. Na sunkuya kan kunnenta na dama, kunnen bai kai kan babban yatsana ba.

Na buɗe baki. Iska.

Na haɗiyi yawu, na sake. Iska, da wani ɗan ƙara kamar na tsohuwar ƙofa. Wata tsohuwa ta ce, "Wayyo." Zufa ta jiƙa min riga. Na yi ta uku. Baba ya matso, ya miƙo hannu a hankali. "Kawo ta, ɗana. Allah ya ga niyya."

Sai murya ta fito daga bayan labule. Hamdiyya, wadda ko sunana ba ta taɓa kamawa a gaban mahaifinta ba, ga haihuwar fari, ga mata cike da gida.

"Baba, a bar shi." Ta numfasa. "Malam, tunda Kyaftin ka ba, je ka aro a wurinsa."

Na gane. Na ji kunya, na ce a raina Allah ka yafe min, kiranka ne, da abin da ya rage zan yi. Na sauke haɓa har ta taɓa zanen. Na turo daga can ƙasan ƙirji, inda tsohon yake zama.

Ta fito. A shaƙe, a karce, amma ta fito. Allahu Akbar. Jaririyar ta daina motsi. Na bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kowace na ji tana yanka ni tana wucewa, ban tsaya ba. Ban san ina kuka ba sai da na ga ɗigo a goshinta. Na kai ƙarshe. A cikin ɗaki na ji Hamdiyya, ban iya bambance ko dariya take ko kuka ba.

Na juya ta zuwa kunnen hagu don iƙama. Na sauke haɓa, na tura. Babu. Na laluba ko'ina, ba tawa, ba tasa. Na ɗago na kalli Baba. Ya karɓe ta, ya sunkuya, ya yi mata da muryarsa mai rawa. Ni ina riƙe da ƙafafunta.

Laraba, da asuba

Jirgi na jira, daga Yelwa sai Sakkwato. Ba zan ga ranar suna ba. Hamdiyya ta aiko ungozoma ta ce in rubuta sunan da nake so, na rubuta Khadijat, ta aiko a ce min ba laifi. Ta kuma ce a ce min in ɗauki rigar sanyi, asibiti akwai fanka.

An ba ni ita na ɗan riƙe kafin in fita. Tana barci. Na taɓa kunnen hagun, na Baba ne. Na daɗe a kan na dama.